Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Labarin Ƴan Mishan a Ƙasar Bisawa

Yau za mu ɗan yi tafiya. Za mu bar ƙasarmu Nijar, mu yi yamma, mu shiga Burkina Faso. In a garinku akwai tsohon direban kamiyo wanda ya taɓa ɗauko kaya daga bakin teku a Lome ya kawo Yamai, ku tambaye shi hanya. Zai lissafa muku garuruwa: Sinkase, Bitu, Tenkodogo, Kupela, Fada Ngurma, Kancari. To, daga Bitu zuwa Tenkodogo, yawancin ƙauyukan da matafiyi ke gani dama da hagu na wasu mutane ne da ake kira Bisawa.

A ƙasar waɗannan mutane labarinmu ya faru. Labari ne na wasu baƙi da suka ƙetaro teku, wasu su kaɗai, wasu da matansu da ƴaƴansu, don su yi wa'azin addinin Kirista. Su ne ake ce wa ƴan mishan. Ku biyo mu sannu a hankali, ku ji irin zaman da suka yi, da abin da suka rasa, da abin da suka bari.

Su wane ne Bisawa?

Bisawa manoma ne kamarku. Suna zaune a kudu maso gabashin Burkina Faso, a lardin Bulgu. Garango da Zabre na cikin manyan garuruwansu. Akwai su kuma a arewacin Gana, wajen Bawku, da arewacin Togo. Kogin Nakambe ya ratsa ƙasarsu. Ruwan samansu ya fi na Maraɗi yawa. Suna noma dawa da hatsi da shinkafa, da rani kuma su yi lambun albasa a bakin kogi. Amma abin da aka fi sanin su da shi gujiya ce. Gurunsawa, abokan wasansu, kullum da gujiya suke tsokanar su, kamar yadda Fulani da Barebari ke tsokanar juna a nan.

Mosawa ne maƙwabtansu na arewa. Amma Bisanci daban yake da Mosanci. Danginsa na kusa su ne harshen Busawa na ƙasar Bargu da harshen Samo na yammacin Burkina, can nesa kuma akwai Bambaranci na Mali. Bisanci ya kasu manyan kashi biyu: Barka a gabas, Lebir a yamma. A zangunan Gana ana ce musu Busanga, su kuwa da bakinsu Bisa suke cewa.

A da Bisawa ba su da babban sarki guda ɗaya. Kowane gari da dattawansa. Sun san akwai Allah Mahalicci, suna da sunansa cikin harshensu. Suna kuma yi wa kakanninsu da suka mutu yanka, suna yi wa ƙasa yanka don a samu damina mai albarka. Mosawa kuwa suna da sarakuna da dawaki. Tenkodogo tsohon birnin sarautar Mosawa ne, ga shi kewaye da ƙauyukan Bisawa. Shekara da shekaru mahaya na kai wa ƙauyuka hari, su kwashe hatsi, su kama mutane su sayar. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Nasara mai bindiga ya riga Nasara mai littafi

A shekara ta 1896 wani sojan Faransa mai suna Voulet ya ci Wagadugu da yaƙi. A farkon 1897 ya iso Tenkodogo, inda ya gamu da wani hafsan Ingila da ya taso daga kudu, kowa na son ƙasar ta zama tasu. Kun san wannan Voulet. Shi ne wanda a 1899 ya yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, ya ƙone Birnin Ƙonni, har sojojinsa suka kashe shi a wajen Maijirgi. A ƙarshe Turawa suka ja iyaka. Yawancin Bisawa suka faɗa hannun Faransa, wasu hannun Ingila, wasu hannun Jamus a Togo. Ba a tambayi kowa ba.

Faransa ta sa wa ƙasar suna Haute-Volta a 1919. A 1932 ta rushe ta, ta rarraba. Fada Ngurma da Dori suka shigo cikin Nijar, Tenkodogo da Wagadugu aka haɗa su da Kwaddibuwa. Sai a 1947 aka sake haɗa ƙasar. A duk wannan zamani talaka na fama da lanho da aikin tilas. Ana kwasar samari a kai su aikin hanya, da aikin dogo, da gonakin Turawa a kurmi. Ba a hana aikin tilas ba sai a 1946.

Saboda haka, ranar da mai wa'azi farar fata ya tsaya a ƙofar gidan Babise, mai gida ya riga ya san farar fata. Ya san kumandan, ya san gardinsa, ya san bulala. Kafin baƙo ya buɗe baki, akwai tsoro tsakaninsu.

Masu farar riga

Ƴan mishan na farko ƴan Katolika ne. Ana kiran su Fararen Ubanni, saboda farar riga da alkyabba da suke sawa irin ta mutanen Aljeriya, inda aka kafa ƙungiyarsu a 1868. A 1900 suka sauka Kupela, wajen kilomita 45 arewa da Tenkodogo. Nan ne gidan mishan na farko a duk ƙasar. A 1901 suka buɗe na Wagadugu. A 1906 suka buɗe na Navrongo, a arewacin Gana ta yau.

Waɗannan malamai, da ake ce wa Fada, ba su aure. Maza uku ko huɗu ne ke zaune gida ɗaya, suna addu'a, suna koyar da yara, suna ba da magani. Mutanen ƙauye na mamaki. Namiji da gemu, ba mata, ba ɗa! A ƙasar da ake auna mutum da yawan iyalinsa, wannan abin tambaya ne. Kuma Kupela garin Mosawa ne. Mosanci Fada suka koya, da shi suka yi littattafansu na farko. Sai cikin shekarun 1930 suka kafa gida a Garango, a tsakiyar Bisawa. Kun ga an yi shekara 30 da wani abu kafin a taka wannan ɗan taƙin.

Baƙo da matarsa da ƴaƴansa

A watan Janairu na 1921 wasu ƴan mishan iri dabam suka iso Wagadugu. Amurkawa ne, na ƙungiyar da ake kira Assemblées de Dieu. Su suna aure, da iyalinsu suke tafiya. Kun san irinsu a nan Nijar: ƴan mishan na SIM da suka sauka Damagaram a 1924, suka zauna Tsibiri, suka buɗe gidan likita na Galmi a 1950. Ƙungiya dabam ce, amma zaman iri ɗaya ne.

Sarkin Mosawa, Mogo Naba, ya karɓe su, suka samu wurin zama. Cikin ayarin farko akwai wata budurwa, Margaret Peoples. Ita ce ta duƙufa kan Mosanci, tana sauraron mata wurin daka da niƙa, tana rubuta abin da ta ji, har ta fassara Linjilar Markus. Daga baya ta auri Lloyd Shirer. A 1931 su biyu suka ƙetara zuwa Yendi, a Gana ta yau. Daga nan aikin ya bazu har ya kai Bawku, inda Bisawan Gana suke.

Ƙasar ba ta raga wa baƙi ba. A 1924 wani saurayi, Eric Booth-Clibborn, ya iso Wagadugu da matarsa Lucile da ƴarsu ƙarama. Makonni kaɗan da saukarsu, atuni ya kama shi, ya rasu yana da shekara 29. Bai kai ga koyon harshen ba. Matar ta koma gida da ƴa a hannu da ciki a jiki. Duk da haka wasu suka biyo baya. Suka buɗe gidaje a wasu garuruwa, har da Tenkodogo, ƙofar ƙasar Bisawa.

Yaya zaman gidan mishan yake?

Ku ɗauka kun leƙa irin wannan gida a shekarun 1930. Ginin ƙasa ne, da rumfa a gaba don inuwa. Ba lantarki, sai fitilar kananzir. Ruwan rijiya sai an tafasa an tace kafin a sha. Kowa na kwana cikin gidan sauro. Kowace rana babba da yaro na haɗiyar kinin, maganin masassara mai ɗan karen ɗaci. Wasiƙa daga gida na yin wata da watanni a hanya. Uwar mutum na iya rasuwa a Amurka, a yi jana'iza, a share makoki, shi bai ji ba.

Mai gida na fita da sassafe, a kan keke ko doki, daga baya a mota in hanya ta yarda. A wannan yanki kasuwa kwana uku-uku take ci. Sai ya bi kasuwanni. In ya isa gari, ya fara gaida mai gari, ya nemi izini. In an yarda, ya tsaya gindin kuka ko ɗorawa, a rera waƙa, mutane su taru. Wasu don su ji, wasu don kallo kawai.

Uwar gida kuwa aikinta ya fi na mijin yawa. Kafin hantsi mutane sun cika rumfa: mai gyambo, mai ciwon ido, mai ƙunar wuta, uwa da jariri mai zawo. Ta wanke, ta ɗaure, ta ɗiga magani. Da rana ta koya wa ƴaƴanta karatu, don babu makarantarsu a kusa. Da marece ta tara samari da mata tana nuna musu baƙaƙe. Ɗakin da namiji baƙo ba ya shiga, ita tana shiga. Mata da yawa ta wurinta suka fara jin abin da ya kawo su.

Akwai cutar da ta fi ƙarfin rumfar mishan. A bakin Nakambe akwai wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda. In ya yi ta cizon mutum, sai tsutsa ta shiga jiki, a yi ta ƙaiƙayi, a ƙarshe ido ya mutu. A wasu ƙauyuka za ka ga yara na jan manya da sanda. Mutane suka gudu suka bar ƙasa mai kyau a bakin ruwa. A ƙarshen shekarun 1930 wani likitan soja, Pierre Richet, ya yi bincike a kan cutar a yankin Tenkodogo. Amma ba a ci ƙarfinta ba sai da ƙasashe 7, har da Nijar, suka haɗa kai a 1974, aka yi ta feshin magani a koguna da jiragen sama. Aikin ya ci gaba har 2002.

Yaron da ya zama tafinta

A 1937 wani Ba'amurke, Paul Weidman, da matarsa Virginia suka zo ƙasar da ƴaƴansu ƙanana. Aka ba su aikin Tenkodogo. Ɗaya daga cikin ƴaƴansu sunan ubansa aka sa masa, Paul.

Kun san halin yaro da harshe. Uba na zaune da takarda da alƙalami, yana fama, yana kuskure, ana yi masa dariya a ɓoye. Yaro kuwa na waje cikin ƙura da abokan wasa. Kafin a ankara Mosanci ya zauna a bakin ƙaramin Paul kamar ɗan gari. Har ya zama shi ke yi wa ubansa tafinta. Uba ya faɗa da Turanci, ɗa ya mayar da Mosanci. Mutane suka so yaron ƙwarai. Wanda ke tsoron babban Bature ba ya tsoron yaron da ya ci tuwo a gidansa.

A farkon 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, masassara ta kama yaron. Irin mai tsananin nan ce, wadda ke mayar da fitsari baƙi. A lokacin ba ta da wani magani mai ƙarfi. Uwarsa ta ba da labari cewa cikin zafin ciwo, da Mosanci yake ta magana, yana wa'azi. Ya rasu a watan Fabrairu na 1941, bai cika shekara 7 ba.

Duk wanda ya taɓa binne ɗa ya san abin da iyayen nan suka ji. Mutanen ƙasar ma sun sani, don a zamanin kusan kowane gida ya binne yaro. Iyayen ba su bar aikin mishan ba. Daga Tenkodogo aikin ƙungiyarsu ya ƙetara zuwa arewacin Togo, wajen Dapaong. Ɗan uwan yaron, John, da ya girma shi ma ya yi aikin mishan a Afirka ta Yamma.

Amma ku lura da abu guda. Harshen da yaron ya iya Mosanci ne. Da shi ake wa'azi, da shi ake waƙa, da shi aka buga littafi. Bisawan kusa da Tenkodogo da yawa na jin Mosanci. Na can cikin ƙauyuka kuwa, musamman mata da tsofaffi, sai an sake yi musu wani tafinta. Ga shi kuma Mosanci harshen masu dawakin nan ne da muka ce ku riƙe. Saƙo ya iso ga Bisawa a bakin baƙo, cikin harshen maƙwabcin da suka daɗe suna ɗari-ɗari da shi.

Me ya sa wa'azi ya yi nauyi?

Ban da harshe, akwai wasu duwatsu a hanya. Na farko shi ne gida. A wurin Bisawa gona ta zuriya ce, aure ma dattawan zuriya ke ƙulla shi. Saurayin da ya ce ya bar yi wa kakanni yanka, kamar ya ce ya fita daga gidan ubansa ne. Wa zai ba shi mata? Wa zai ba shi gona? In aka yi fari ko wani ya mutu, sai a ce shi ya jawo. Shi ya sa mutum na iya jin wa'azi ya ji daɗinsa, amma ya kasa ɗaga ƙafa.

Na biyu shi ne mata. Ƴan mishan, Katolika da Amurkawa duka, sun ce Kirista mace ɗaya yake aure. Mai mata uku da ƴaƴa goma sha biyu, wace zai kora? Dattawa da yawa suka ce wannan hanya ta yara ce.

Na uku shi ne maganar ƴan mata. Akan yi wa yarinya miji tun tana goye. Wasu ƴan mata suka riƙa gudu zuwa gidan mishan don kada a kai su gidan wanda ba su so. Fada suka tsaya musu, dattawa suka fusata, ƙara ta yi ta zuwa gaban kumandan. A 1939 Faransa ta yi doka, wadda ake kira dokar Mandel. Ta ce ba a ɗaura wa yarinya aure sai ta kai shekara 14, namiji 16, kuma sai da yardarsu. Ƴan mishan na cikin waɗanda suka matsa aka yi ta. Ƴan mata da yawa sun samu sauƙi. Amma a idon iyaye, mishan ya zama mai raba ƴa da ubanta.

Wanda ya zauna ya koyi Bisanci

A gidan Garango akwai wani Fada Bafaranshe, André Prost. An haife shi a 1903, ya rasu a 1987. Shi ya ga cewa in ana son a yi magana da Bisawa, sai da Bisanci. A lokacin kuwa babu littafin koyon harshen. Sai ya yi abin da ɗan koyo ke yi. Ya zauna da mutane, ya nuna abu ya tambayi sunansa, ya rubuta, ya maimaita, a gyara masa. Ya tambayi sunayen itatuwa da na dangi, da yadda ake aure da yadda ake biso.

Aikin na da wuya. A Bisanci, kamar a Hausa, hawa da saukar murya na canza ma'anar kalma. Ku duba kuka na itace da kuka na hawaye: baƙaƙe ɗaya, murya dabam. Akwai kuma wasulan da babu su a Faransanci. Dole mai rubutu ya nemo musu alama.

A 1945 ya buga bayani a kan al'adun Bisawa. A 1950 ya fito da littafin nahawu da ƙamus na Bisanci. Bai tsaya nan ba. A 1956 ya buga babban littafi a kan harshen Sonrai da rassansa, har da Zabarmancin ƙasarmu. Kun ga ashe hannunsa ya taɓo Nijar.

Ku tuna, Hausa na da rubutun ajami tun kafin zuwan Turawa. Bisanci bai samu wannan gata ba. Kuma ko da sunan Prost ne a bangon littafi, kalmomin da ke ciki na dattawa da samarin Garango ne, waɗanda suka yi haƙuri da tambayoyinsa. Su ne malamansa.

Hanyar Kumasi

Lokacin da ƴan mishan ke bin kasuwanni, wani abu na faruwa a gefe. Samarin Bisawa na gudun lanho da aikin tilas, suna tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi. Suna aiki a gonakin koko, da ramukan zinariya, da cikin birane kamar Kumasi da Ankara. A can baƙo daga arewa zango yake sauka. A zango kuwa Hausa ake yi, ga masallaci, ga malamai. Tun da can ma fataken goro, Hausawa da Yarse, na ratsa ƙasar Bisawa, an san sallarsu. Amma a zango ne samari da yawa suka shiga Musulunci.

Bayan shekara biyu ko uku saurayi ya komo gida da keke, da riga, da buta, da sabon suna. Ba baƙo ba ne. Ɗan gidan ne, da Bisanci yake magana, a ƙwarya ɗaya ake ci da shi. Bai ce wa ubansa ya saki mata ba. Ƙannensa na kallon sa, su ma suna so. Ta haka Musulunci ya shiga gida-gida. A yau mafi yawan Bisawa Musulmi ne.

Ƴan ƙasa sun karɓi aiki

Ƴan mishan ma sun gane wannan darasi. Baƙo ko da ido makaho ne. Bature na iya zuwa ƙauye sau ɗaya a wata, ya yi magana ya tafi. Wanda zai zauna, ya yi noma da mutane, ya je suna da biso, shi ake ji. Sai Katolika suka riƙa horar da malaman ƙauye da ake kira katekis. Amurkawa suka buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki, suna koyar da miji da matarsa tare, su aika su ƙauye. Iyalin ɗan ƙasa ya maye gurbin iyalin Bature. Shi ba shi da mota, ba shi da kinin, gonarsa ke ciyar da shi. Wani a kore shi, wani a hana matarsa ɗiban ruwa a rijiya. Waɗannan ne suka kafa yawancin majami'un da ke ƙauyukan Bisawa, ko da yake sunayensu ba su cika shiga littafi ba.

A 1942 aka naɗa ƴan ƙasa na farko su zama Fada. A 1956 Dieudonné Yougbaré ya zama bishop na Kupela, wato shugaban Fada na yankin. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya hau wannan matsayi. Ƙasar ta samu mulkin kai a 1960, ta ɗauki sunan Burkina Faso a 1984. A 2012 aka ba Tenkodogo nata bishop, shi ma ɗan ƙasa.

Me ya rage a yau?

In an auna da burin da ya fito da su daga gida, ƴan mishan ba su samu abin da suka nema duka ba. Kiristoci tsiraru ne cikin Bisawa. Amma suna nan, Katolika da sauran majami'u, da shugabanninsu ƴan ƙasa. Akan samu gida ɗaya da Musulmi, da Kirista, da tsohon da bai bar yankan kakanni ba. Ran salla a kai wa wannan nama, ran Kirsimeti a kai wa wancan abinci.

Sai kuma rubutu. A 1979 gwamnatin ƙasar ta tsayar da baƙaƙen rubuta harsunanta, kamar yadda taron Bamako na 1966 ya yi wa Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da sauransu. Masu fassara, yawancinsu Bisawa, sun mayar da Sabon Alkawari cikin Bisanci. An yi littattafan koyon karatu. Baƙaƙen nan kuwa ba su tambayar addinin mutum. Manomin albasa Musulmi da ya koye su na iya rubuta buhu nawa ya sayar, da wanda ke bin sa bashi. Bisawa da yawa sun tafi neman kuɗi har Italiya, musamman mutanen Begedo. Wanda ya iya rubuta harshensa, saƙonsa na isa gida ba tare da ɗan tsakiya ba.

Ƴan uwa, kun ji yadda aka yi. Baƙi sun zo da iyalinsu, sun sha wahala, wasu sun bar kaburbura. Sun yi alheri a rumfar magani, sun kuma jawo rigima a gidaje. Amma maganarsu ba ta wuce inda harshensu ya tsaya ba. Yaro ɗan shekara 6 ya buɗe ƙofar da ubansa ya kasa buɗewa. Ɗan ci-rani da butarsa ya shiga inda Bature da motarsa bai shiga ba. Bisawa kuma su suka zaɓi abin da za su ɗauka da abin da za su bari.

A garinku ma akwai tsofaffin da suka ga zuwan baƙi iri-iri: malami, da likita, da ɗan mishan, da malamin gona. Ku je ku gaishe su, ku tambaye su wane ne aka saurara, wane ne aka bari ya yi ta magana shi kaɗai. Ku rubuta abin da suka faɗa muku da hannunku, ku karanta wa abokan karatunku. Sai mun sake saduwa.